BANGO MA YANA DA BAKI

A wannan karo za mu yi doguwar tafiya, daga nan New Bell har birnin Mosko na ƙasar Rasha, sa'an nan mu dawo gida. Amma duk tsawon tafiyar ba za mu rabu da jikin bango ba, domin a kansa za mu yi magana.

Kowa ya san kukan da dattawanmu ke yi game da yaran da ke ɓata katangun mutane da gawayi da fenti. Magidanci ya tara 'yan kuɗinsa ya shafe gida saboda Salla, kafin a sauko daga Idi an riga an rubuta masa sunan wata ƙungiyar ƙwallo a ƙofar zaure. Wannan kuka gaskiya ne, kuma za mu dawo kansa. To amma kafin mu ɗauko bokitin farar ƙasa mu shafe, ya kamata mu tsaya tukuna mu karanta abin da ke jikin bangon. An ce bango yana da kunne. Mu kuwa mun ce har baki gare shi, sai dai mai sauraro ne ya yi ƙaranci.

Duk wanda ya taka da ƙafa daga Unguwar Hausawa zuwa Kasuwar Kwango zai ga rubutu iri-iri. Ga mai hana fitsari a lungu, har da adadin tarar da za a ci mutum. Ga mai cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne, wanda da ganinsa ka san akwai rigimar gado a bayan ƙofar. Ga tallan masu yashe shadda da na masu koyar da yara darasi a gida. Ga sunan Eto'o, wanda a wannan unguwa ya tashi. Ga guntayen hotunan 'yan takara, wani bisa wani, na zaɓen da ya wuce a kan na wanda ya gabace shi. Ga layin da ambaliya ta ja da kanta a jikin gidajen katako da muke kira karabot, wanda ke nuna inda ruwa ya tsaya a daminar da ta wuce. Sa'an nan ga wanda ya fi kowanne tayar da hankali: jan gicciye da kalmomin nan biyu, "À démolir", wato a rushe.

Me ya haɗa wannan da Rasha? Abin da ya haɗa su shi ne, marubutan ƙasar sun shahara da wani irin ƙagaggen labari da za mu iya kira adabin kufai. Marubuci zai ɗauka cewa duniya ta riga ta halaka, ko ta hanyar yaƙin nukiliya ko wata annoba, birane sun zama kangaye, sai 'yan tsirarun da suka tsira suna yawo a ciki. A irin wannan labari babu rediyo, babu jarida, babu ofishin da za a je a tambaya. Abin da ya rage shi ne abin da na baya suka bari a rubuce a jikin gini da bakin hanya. Da shi mai rai ke gane inda yake, da wanda ya riga shi zuwa, da inda ajali ke jira.

Ba banza ba Rashawa suka riƙe wannan hoto, domin sun gan shi da idanunsu. A Yaƙin Duniya na Biyu Tarayyar Sobiyet ta yi asarar mutane kimanin miliyan 27. A ganuwar sojoji ta birnin Brest an tarar da rubutun da wani soja ya kankara a bango, mai ɗauke da kwanan watan 20 ga Yuli 1941, inda ya yi ban kwana da ƙasarsa, ya ce mutuwa zai yi amma ba zai miƙa wuya ba. A Leningirad, wadda Jamusawa suka yi wa ƙawanya ta kwana 872, an rubuta a jikin gidaje cewa wannan gefen titi ya fi wancan haɗari idan ana ruwan wuta, kuma an sabunta wannan rubutu a babban titin Nebski domin tunawa. Da sojojinsu suka shiga Balin a 1945, sunayensu da na garuruwansu suka rubuta da gawayi da alli a jikin majalisar Jamus, kuma da aka gyara ginin a shekarun 1990 an bar wani sashe nasa yadda yake. Sai kuma garin Piripyat na Yukren, mai mutane kimanin dubu 49, wanda aka kwashe ranar 27 ga Afrilu 1986 bayan fashewar tashar nukiliya ta Carnobil. An ce musu su ɗauki kayan kwana uku. Garin ya zama kufai, allunan makaranta da taken jam'iyya suka ci gaba da magana babu mai ji.

Daga cikin littattafan za mu ɗauki uku, kowanne da darasinsa. Na farko shi ne na 'yan'uwan nan biyu, Arkadi da Boris Strugatski, wanda ya fito a 1972, ma'anar sunansa liyafa a bakin hanya. Shi ne Andrei Tarkovski ya ɗauko ya yi fim ɗin Stalker a 1979. A cikinsa akwai wani yanki da wasu baƙi daga wata duniya suka sauka suka tashi, suka bar shi cike da tarkon da ido ba ya gani. Masu shiga neman abin sayarwa sukan jefa noti a gabansu su ga yadda zai faɗi kafin su ɗaga ƙafa. A taswirarsu kuwa, da sunayen abokan sana'arsu da suka mutu suke gane hanya: nan wane ya halaka, kauce dama, can wane ya halaka, kauce hagu. Wato alamar da mamaci ya bari ita ce ke tsirar da mai rai.

Na biyu shi ne Metro 2033 na Dmitri Glukhovski, wanda ya fara sakawa a intanet a 2002, aka buga shi littafi a 2005. A nan yaƙin nukiliya ya cinye Mosko, waɗanda suka tsira suka koma zama a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa. Kowace tasha ta zama kamar ƙasa mai sarkinta da iyakarta, harsashi ya zama kuɗin cefane. Sunan da ke jikin bangon tasha ya zama sunan ƙasar mutum da asalinsa. Duk ƙungiyar da ta ci wata tasha, sai ta kafa tutarta da tambarinta, wasu ma har su sauya mata suna. Darasin nan a fili yake: mai iko da bango shi ne mai iko da wuri, kuma wanda ya sauya maka sunan unguwa ya fara raba ka da ita.

Na uku, wanda ya fi taɓa mu, shi ne Kys na Tatyana Tolstaya, na shekarar 2000. Shekara 200 bayan wata babbar fashewa, Mosko ta koma ƙauyen bukkoki, mutane na cin ɓeraye suna kuma ciniki da su. Jarumin labarin, Benedikt, magatakarda ne mai kwafe rubutu a ɓawon itace. Ya iya haɗa baƙi, yana son littafi kamar ransa, amma ba ya fahimtar abin da yake karantawa. Akwai kuma wani tsoho, Nikita Ibanic, wanda ya ga duniya kafin ta lalace. Shi wannan tsoho sai ya riƙa kafa turaku a cikin gari yana rubuta tsofaffin sunayen tituna a jiki, domin kada a manta. Jama'a na ganinsa kamar mai taɓin hankali. Ya sa aka sassaƙa siffar babban mawaƙinsu Pushkin da itace, mutane suka ɗaura mata igiyar shanya. Abin da marubuciyar ke nunawa shi ne, rubutu kaɗai ba ya ceton al'umma. Idan aka rasa mai karanta shi da sanin abin da ya sa aka yi shi, to turken da ke ɗauke da tarihi bai fi turken ɗaure akuya ba.

To jama'a, mu dawo gida. Kada wani ya ce wannan tatsuniyar Turawa ce da ba ta shafe mu ba. Mu mutanen Duwala mun taɓa zama a garin da aka kira matacce da bakin mutanensa. Daga watan Afrilu na 1991, lokacin da 'yan adawa ke neman a kira babban taron ƙasa, aka shiga abin da aka sani da "villes mortes". Daga Litinin zuwa Juma'a kasuwa a rufe, kantuna a garƙame, tasi ba ta fita, tayoyi na ci da wuta a mahaɗar hanyoyi. Sai Asabar da Lahadi ake buɗewa a yi cefane. Haka aka yi ta yi wata da watanni, har zuwa taron ɓangarori uku da aka yi a Yawunde a watannin Oktoba da Nuwamba na wannan shekara. A nan ne babura masu ɗaukar fasinja, bensikin ɗinmu, suka samu gindin zama. Waɗanda suka ga lokacin sun san cewa daga jikin bango da 'yan takardun da ake rabawa hannu da hannu, irin su jan katin nan, mutum ke gane ko gobe ranar fita ce ko ranar zama. Ba siyasar lokacin muke tonowa ba. Abin da muke cewa shi ne, ranar da gari ya yi shiru, bango ne ya karɓi magana. Ina wannan rubutu yake yanzu? Damina da fenti sun tafi da shi, yaranmu da yawa ba su ma san an yi ba.

Ita kanta New Bell, sunanta rubutu ne da mai iko ya yi. Jamusawa ne suka ƙudura raba mutanen Duwala da filayensu na bakin kogin Wuri, su mai da su bayan gari, da tazarar kilomita guda tsakaninsu da unguwar Turawa. Sabon wurin suka kira Neu-Bell. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda, suka rataye shi tare da Ngoso Din ranar 8 ga Agusta 1914. Kafin ƙarshen watan Satumba na wannan shekara Jamusawan da kansu sun rasa garin. Wurin da aka tanada domin 'yan ƙasa sai ya zama masaukin baƙi: Bamileke, Basa, Ewondo, mutanen Nijeriya da na sauran ƙasashen yamma, da kakanninmu fatake waɗanda suka biyo hanyar goro da shanu da tufafi suka gangaro har bakin teku. A nan aka yi tarzomar watan Mayu na 1955, wadda ta kai ga haramta jam'iyyar UPC a watan Yuli. A nan kuma gobarar 24 ga Afrilu 1960 ta cinye Unguwar Kwango, dubban mutane suka kwana a fili.

Mu tsaya kaɗan a kan wannan gobara, ko da yake magana ce mai nauyi. A littattafan da aka rubuta da Faransanci, sunan Hausawa na fitowa a cikin labarinta, kuma ba ta fuskar yabo ba. Ba muna cewa a ɓoye gaskiya ba ne, ko a wanke wanda bai wanku ba. Tambayarmu ita ce: mu me muka rubuta? Me kakanninmu suka gani a ranar, me suka ji, wa suka ɓoye a ɗakunansu, wa suka rasa? Wanda ke da shekara 15 a lokacin, yau ya kai 80 ko ya haura. Idan suka tafi da abin da ke cikinsu, jikokinmu za su karanta tarihinmu daga alƙalamin wasu kaɗai, ba su da abin da za su ajiye kusa da shi su auna.

Yanzu mu yi irin tunanin marubutan Rasha. A ce, Allah Ya kiyaye, an wayi gari babu kowa a New Bell, wani baƙo ya shigo yana bin lungu-lungu yana karanta bango. Zai gane cewa mutanen nan suna jin Faransanci, suna son ƙwallo, suna rigimar gado, kuma fitsari a lungu ya dame su. Zai ga ayoyi da Larabci a masallatai ya gane akwai Musulmi. Amma a bango nawa zai ga kalmar Hausa? A ina zai karanta cewa mai wannan gida daga Kano ya zo, na kusa da shi daga Katsina ko Damagaram ko Garwa, a shekara kaza? Al'ummar da ta haura shekara 100 a wuri, ga sarautarta, ga malamanta, ga mahautanta da 'yan kolinta, amma jikin garin bai san da ita ba. Wannan shi ne abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya.

Abin mamaki, ba gadonmu ba ne barin bango bebe. Duk wanda ya je Birnin Damagaram, ko Zariya, ko cikin ganuwar Kano, ya ga yadda magina ke zayyana fuskar gida: ga dagi, ga takobi, ga allo, daga baya har keke da mota da jirgin sama suka shiga. Sau da yawa akan sa shekarar da aka yi ginin, da addu'a, a bisa ƙofar zaure. Mai wucewa ya san gidan malami, ya san na attajiri, ya san na wanda ya sauke farali. Haka direbobinmu ba su taɓa barin jikin babbar mota babu karin magana ba. Kakanninmu sun iya ajami, da shi suke aika wasiƙa da lissafin bashi daga kurmi zuwa arewa. Mu ne muka zo bakin teku muka ajiye alƙalami, muka bar wa mai hana fitsari da mai jan gicciye.

Maƙwabtanmu kuwa ba su zauna ba. Cibiyar doual'art, wadda Marilyn Douala Bell da Didier Schaub suka kafa a 1991, ta fara shirya bikin zane-zanen cikin gari mai suna SUD a 2007. A na 2010, wanda aka yi a kan ruwa da birni, Hervé Yamguen, ɗan New Bell kuma ɗaya daga cikin masu zanen ƙungiyar Kapsiki, ya ɗauki kalmomin samarin unguwa masu waƙar zamani ya ɗora su a jikin gine-ginen Ngangué da manyan haruffa, aikin da aka sa wa suna "Les mots écrits de New Bell". Yaran da ake kira 'yan iska sai ga maganarsu ta zama abin da baƙi ke zuwa kallo. Hannun da ke ɓata bango da wanda ke ƙawata shi duk ɗaya ne. Bambancin shi ne ko an ba shi wuri da abin faɗa.

Sai kuma jan gicciye. A nan magana ta wuce ta ado, ta zama ta matsuguni. Tun dokar filaye ta 6 ga Yuli 1974 da ƙa'idar da ta biyo bayanta a 1976, takardar mallaka da ake kira "titre foncier" ita ce shaidar da hukuma ta sani. Da yawa daga gidajenmu kuwa a kan amana aka saye su, gaban shaidu biyu da goro da fatiha, shaidun kuma sun daɗe a ƙasa. Mun ga yadda aka rushe gidaje a Dikolo, cikin unguwar Bali, a watan Mayu na 2022, alhali su 'yan asalin gari ne. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ranar da mai fenti ya iso ƙofarka, ba zai tambaye ka shekara nawa kakanka ya yi a nan ba. Rubutu ya kawo, kuma rubutu kaɗai ke amsa masa.

Saboda haka ga shawarwarinmu, ga masu unguwanni da limamai da shugabannin ƙungiyoyin matasa da na mata. Na farko, kowane gida ya zauna da tsofaffinsa, maza da mata, a rubuta sunan wanda ya kafa gidan, garin da ya fito, da shekarar zuwansa. A ajiye a takarda, wanda ya so kuma ya sa a bisa ƙofar zaure kamar yadda ake yi a gida. Na biyu, kowane masallaci da makarantar allo su sa ɗan allo a jikin gini mai ɗauke da shekarar kafuwa da sunayen malaman da suka riƙe wurin, da ajami da boko da Faransanci, yadda maƙwabci ma zai karanta. Na uku, samarin da ke da waya a hannu dare da rana su je su ɗauki muryar dattawan da suka ga 1955 da 1960 da 1991, tun ana ganin juna. Na huɗu, a fito da takardun gidaje daga ƙarƙashin katifa, a yi musu kwafi a ajiye a wani wuri daban saboda gobara da ambaliya, a raba gado tun magada na ga maciji da juna, a kuma bi hanyar samun takardar mallaka ko da za ta ɗauki shekaru. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na biyar shi ne amsarmu ga kukan dattawa da muka ce za mu dawo kansa. Bangon mutum haƙƙinsa ne, rubutu a kansa ba da izninsa ba zalunci ne, zagi da batsa kuwa ba su da wuri ko a bangon kowa. Haka nan ba ma son a sa ayar Alƙur'ani a inda ƙazanta ke kai wa. Amma hani kaɗai bai taɓa karɓe gawayi daga hannun yaro ba. A nemi katanga guda a unguwa, da yardar mai ita, a ba yaran nan fenti, a haɗa su da malami mai kyan hannu da tsoho mai tarihi. Su rubuta karin maganarmu, da sunayen garuruwan da muka fito, da hanyar da fatake suka biyo. Yaron da ya rubuta sunan kakansa a bango da hannunsa ba zai bari wani ya yi fitsari a gindinsa ba.

Kada kuma mu manta da darasin tsoho Nikita. Ko mun cika New Bell da rubutun Hausa, in 'ya'yanmu ba su iya karanta shi ba, turakun shanya muka kafa. Yaro ya iya Faransanci, wannan dole ne, da shi zai ci abinci a ƙasar nan. Amma a ba shi wannan shafi ya karanta wa kakarsa da babbar murya, ko sau ɗaya a wata. Daga nan ake farawa.

Allah Ya tsare mana unguwa daga gobara da ambaliya da jan fenti, Ya jiƙan magabatanmu da suka share wannan wuri muka samu na zama. Mai shawara ko gyara, ƙofar wannan fili a buɗe take.